Mai Tsaron Makabarta da Shekarar da Ya Goge

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin dutse, wanda ikkilisiyoyin garin suka haɗu suka danƙa wa tsaron makabartarsu. Ba shi ke haƙa kabari ba, ba shi ke yin addu'a a bakin rami ba. Aikinsa ɗaya ne, ya san wanda ke kwance a kowane wuri. Mutane suna kiransa Baban Lois, da sunan 'yarsa ta fari.

Makabartar a jere take layi-layi kamar kunyoyin gona. A bakin kowane layi akwai dutse da aka shafa wa farin fenti, daga nan ake fara ƙirga kaburbura, na ɗaya, na biyu, har ƙarshen katanga. In aka binne mutum, danginsa sukan kafa gicciyen katako, ko ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Amma gara takan cinye katakon kafin shekara ta zagayo. Allon ƙarfen kuwa, masu yawon tsintar ƙarfe sukan tsallako katanga su tuge shi. Ruwan sama ya zo ya kwantar da tudun, ciyawa ta bi ta rufe, sai duk su zama iri ɗaya.

Al'adar mutanen wurin ita ce, ba a zuba wa kabari siminti sai ya sha damina biyu, domin ƙasa ta gama zama. Wanda ya yi gaggawa, simintinsa yakan tsage ya rufta. Saboda haka kowane mamaci yakan yi shekara biyu ba shi da wata shaida a duniya sai abin da mutumin nan ya rubuta.

Da fari a babban littafi yake rubutawa. Wata damina rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, tawada ta narke, shafuffuka suka manne. Sai dattawa suka kawo masa kwamfuta irin ta kan tebur, mai akwati a ƙasa da allo a sama, aka kwashe abin da ya karantu aka zuba a ciki. Tun daga ranar ba wanda ya sāke buɗe littafi. Kowane mamaci da abu huɗu a cikin na'urar: suna, ranar binnewa, layi, da lamba.

Mutumin nan ya iya aikinsa, amma Turancinsa kaɗan ne. Na'urar kuwa tana da halin fito da wani ɗan akwati a tsakiyar allo tana tambayarsa abu. Ya lura in ya danna maɓallin hagu takan bar shi ya wuce. Sai ya saba, yana amsa mata yadda mutum ke amsa gaisuwar maƙwabci da "lafiya lau" tun bai ji abin da aka tambaye shi ba.

Aka yi wata shekara ta amai da gudawa a garin. A shekarar kaɗai aka binne mutum sittin da uku. Akwai ranar da aka kawo huɗu kafin rana ta take tsaka. Aka cika layi na uku da na huɗu da na biyar, ramuka kusa da kusa, ba wanda ke da lokacin tsayawa. A cikin wannan gaggawa aka rubuta waɗansu sau biyu, domin dangi sukan zo su ba da sunan gida, majami'a kuma ta aiko da sunan baftisma, alhali mutum ɗaya ne.

Da damina ta biyu ta ɗauke, lokacin zuba siminti ya ƙarato, mutumin ya ce a ransa, "Bari in gyara jerin nan kafin mutane su fara zuwa." Ran Talata da safe ya zauna domin ya rage sunayen da aka maimaita. Ya yi niyyar zaɓen suna ɗaya. A daidai lokacin sai Baba Zakka, tsohon da ke haƙa kaburbura, ya leƙo ta taga.

"Baban Lois, ina ka jefa mini digata?"

"Tana bayan ƙofa, Baba, inda ka jefa ta da kanka."

Yana magana fuskarsa na kallon taga, hannunsa na kan aiki. Bai ga rubutun ya yi shuɗi daga sama har ƙasa ba. Ya danna gogewa. Ɗan akwatin ya fito yana tambaya, shi kuwa ya ba shi amsar da ya saba.

Da ya juyo, shekarar ba ta nan. Shekarar da ta gabace ta tana nan, wadda ta biyo ta tana nan, sun haɗe baki da baki kamar ba wanda ya mutu a tsakaninsu.

Ya rufe ya buɗe. Ya kashe na'urar ya kunna. Ya hau sama ya sauko ƙasa. Babu.

Sa'an nan ya ce a ransa, "Shekara tara dattawa suna amince da ni. In na faɗa, da wane ido zan dube su ran Lahadi? Ai ina tsaye aka binne mutanen nan duka. Zan rubuta su daga kaina, ba wanda zai sani."

Haka ya yi. Ya wuni yana rubutu ran Talata, ya wuni ran Laraba. Duk sunan da ya rubuta sai ya adana shi nan take, yadda aka koya masa. Ya kai goma sha tara. Na farkon ya tabbata da su. Daga na goma hannunsa ya fara tsayawa a kan lamba, bai san ko sha biyu ba ce ko sha uku. Bayan na sha tara kansa ya ƙi ba shi kome, sai fuskokin masu makoki da ƙarar ƙasa a kan akwati.

Ran Alhamis wata gwauruwa ta zo, ana ce da ita Mama Liyatu. Ɗanta Gayus, saurayi mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, yana cikin waɗanda aka binne a shekarar. Ranar da aka binne shi ita ma tana kwance a asibiti da ciwon, ba ta san inda kanta yake ba. Da ta warke aka kai ta sau ɗaya ta ga allon sunansa, idonta cike da hawaye, ba ta ƙirga kome ba. Daga baya aka sace allon.

Ta gaishe shi, ta ajiye masa ƙullin dafaffiyar gyaɗa a kan tebur.

"Baban Lois, siminti ya iso. Magini zai zo jibi, ran Asabar. Na ce bari in zo ka nuna mini wurin yaron, in cire masa ciyawa da hannuna kafin baƙi su gani."

Mutumin ya dubi allon, ya dubi gyaɗar.

"Mama, na'urar tana ɗan ba ni wahala yau. Ki dawo gobe da safe."

"To, ba kome. Damina biyu na jira, kwana ɗaya ba zai gagare ni ba. Ka gai da Maman Lois."

Bayan ta tafi Baba Zakka ya shigo, ya kwance ƙullin gyaɗar ba tare da an ce masa bismilla ba, ya zauna a kan bokiti.

"Kai kuma lafiya? Mu da muke kwana muke tashi da mutuwa, me ya rage da zai tsorata ka haka?"

Sai ya faɗa masa duka. Ya ce, "Baba, kai ka haƙa. Ka tuna inda Gayus yake?"

Tsohon ya yi dariya ba daɗi. "Ni? A shekarar nan bayana ne ya yi ƙirga, ba kaina ba. Layi na huɗu dai nake zato, wajen tsakiya. Ko na biyar." Ya ɓare gyaɗa ya watsa a baki. "Ka ji shawarata. Gobe ka sa ta gaba, ka nuna mata tudu ɗaya mai kyau. Wa zai tashi ya ƙaryata ka? Shekara talatin ina cikin mutanen nan, ban taɓa jin ɗayansu ya kai ƙara ba."

"Sai ta riƙa zuwa tana kuka a kan ɗan wata?"

"Hawayen ai ƙasa ɗaya zai shiga. Ita ta sami kwanciyar rai, kai ka sami aikinka. Wa aka cuta?"



Ran Juma'a da safe Mama Liyatu ta zo da 'yar fartanya. Mutumin ya fito, ya wuce gaba, tana biye. Suka shiga layi na huɗu, raɓa tana jiƙa musu ƙafa. Ya ƙirga a fili domin ta ji, har ya kai na goma sha huɗu, tudu mai kyau wanda bai rufta ba. Ya miƙa hannu ya nuna.

Ta ajiye fartanyar. Ta tuɓe takalmanta. Ta fara durƙusawa a hankali saboda gwiwa, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Auta, ga ni. Na daɗe, ko? Ka yi haƙuri."

Kafin tafin hannunta ya taɓa ƙasar mutumin ya ce, "Mama, tashi."

Ta ɗaga kai.

"Ban sani ba, Mama. Ban san ko nan ne ba. Na goge shekarar duka ran Talata, bisa kuskure. Jiya ma ƙarya na yi miki."

Ta tsaya a haka, gwiwa ɗaya a ƙasa. Tsuntsaye suna ta kuka a kan katanga. Can ta dafa fartanyar ta miƙe, ta mai da takalmanta.

"Da ka yi shiru yanzu," in ji ta, "da har in mutu nan zan riƙa zuwa."

"Haka ne, Mama."

"Tun ran Talata, ka ce? Yau kwana huɗu kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Ina 'yar gidan Mikah, Keziya, wadda ta kafa maka na'urar? Ta bar garin ne?"

"Tana nan. Kunya ce ta hana ni."

"To, ka ajiye kunyar a nan, akwai wuri. Je ka kira ta."

Keziya mace ce mai shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ta iso a kan babur kafin tsakar rana, da jaka a kafaɗa. Tana shiga ta ga na'urar a kunne, ta ce, "Yaya, ɗauke hannunka. Kada ka ƙara danna ko da harafi ɗaya." Ta kashe ta da kanta. Sa'an nan ta zauna ta ji labarin.

"Tun da abin ya faru, ka rubuta wani abu a ciki?"

"Sunaye goma sha tara. Ina ƙoƙarin in mayar ne."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo, Yaya! Da ka kira ni ran Talata, kafin kokonka ya huce da na dawo maka da su duka, ba ko ɗaya da zai yi ciwon kai."

"Amma ai na goge su."

"Ka goge su daga idonka ne. Bari in gaya maka yadda take yi. In ka ce ta goge suna, ba ta share shi. Allon da ke kansa kawai take cirewa, ta ce wurin nan ba kowa, ana iya amfani da shi. Sunan yana nan kwance, kamar mutanen Baba Zakka. Amma da zarar ka kawo sabon rubutu, sai ta nemi inda ta ce ba kowa, ta binne sabon a kan tsohon. Wanda aka binne wani a kansa, shi ne ba ya dawowa."

Baba Zakka, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Tir! Ni ko a shekarar amai ban ɗora mutum a kan mutum ba. Ashe akwatin nan ba shi da tarbiyya."

"Ba laifinsa ba ne, Baba. Abin da aka ce masa ya yi."

Ta buɗe akwatin, ta ciro ma'ajiyar da ke ciki, wani abu kamar ƙaramin littafin waƙoƙi amma na ƙarfe. Ta haɗa da tata na'urar, ta fara kwafe kome da kome zuwa wani wuri dabam. Ta ce ba a aiki a kan na ainihin, domin in hannu ya sāke zamewa a sami inda za a koma. Sa'an nan ta shiga tono.

Mama Liyatu ta ƙi tafiya gida. Ta zauna a inuwar dogon yaro a waje, fartanyarta a kan cinya.

Sunayen suka fara fitowa, ba bisa tsari ba, na watan bakwai kafin na watan uku, waɗansu da tarkacen alamomi a jikinsu kamar doya da aka tono da ƙasa. Keziya tana karantawa, mutumin yana rubutawa a takarda da biro. Duk sunan da ta kira sai Baba Zakka ya ce, "Allah sarki, mai tuwon bakin tasha," ko kuwa, "Wannan ya ba ni wahala, dutse na tarar a raminsa." Zuwa la'asar hamsin da shida sun dawo cif, suna da rana da layi da lamba.

Bakwai suka zo da rauni. Uku daga ciki an rubuta su sau biyu, da sunan gida da na baftisma, sai abin da ya lalace a ɗaya aka same shi a ɗayan. Wato maimaicin da mutumin ya zauna domin ya kawar, shi ya cece su. Biyu kuma maƙwabtansu suka nuna su, gama in an san na shida an san na takwas, ba sai an tambayi na bakwai ba.

Saura biyu. Sunansu ya fito, ranarsu ta fito, rana ɗaya ce. Layinsu ya fito, na huɗu. Lambar ce babu. A layi na huɗu kuwa wuri biyu ne suka rage ba mai su, na goma sha takwas da na goma sha tara, gefe da gefe. Ɗaya sunan Gayus Obadiya. Ɗayan abin da aka rubuta shi ne: Baƙo, namiji, an same shi a tasha, ba a san sunansa ba.

Keziya ta sāke bi ta wata hanya, ta sāke bi ta wata. Daga bisani ta jingina da kujera.

"Yaya, iyakata ke nan. Inda lambobin nan suke, rubutunka na ran Laraba ne zaune a kai."

Mutumin ya ɗauki takardar ya fita wurin dogon yaro. Ya durƙusa a gaban matar, ya faɗa mata yadda abin yake, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce, "Kuskuren ran Talata bai ɓatar da ɗanki ba, Mama. Ɓoyon da na yi ne."

Ta ce, "Na sha huɗun da ka nuna mini da safe, na wane ne?"

Ya duba. "Na wata yarinya ce, Damaris. Shekararta tara."

Ta gyaɗa kai, ta tashi ta tafi gida.

Ran Asabar magini ya zo da yashi da buhunan siminti a amalanke, matan zumuntar majami'a suka zo da farin ɗankwali. Mama Liyatu ta riga kowa. Ta cire ciyawar na sha takwas, ta cire ta na sha tara, ta share tsakaninsu.

Maginin ya ce, "Mama, wanne ne? In fara auna."

"Duka biyun."

"Kayan na mutum ɗaya ne fa. In na raba ba zai yi tsayi ba."

"Wa ya ce maka tsayi nake nema? Ka kwantar da shi, ya rufe su tare."

Wata daga cikin matan ta matso ta ce mata a kunne, "Maman Gayus, ba ki san ko wane ne ɗayan ba. Ba ki san ko mai bi ne ba."

"Ban sani ba," in ji ta. "Amma wata ta haife shi, kuma har yau ba ta san inda yake ba. Ni aƙalla na san nawa yana cikin biyun nan. Damina biyu ya sha kusa da ɗana. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ɗanka shekara biyu, ai ya wuce baƙo."

Aka zuba. Tun simintin yana ɗanye maginin ya ɗauki ƙusa ya ce, "Me zan rubuta?" Ta ce ya rubuta sunan Gayus a tsakiya, kada ya karkata dama ko hagu, a ƙarƙashinsa kuma ya sa: da ɗan'uwansa.

Mai tsaron makabartar yana tsaye daga nesa. Ta yafito shi.

"Baban Lois, na yafe maka. Amma ba zan ɓoye maka ba, duk ranar da na zo nan zan tuna ban san inda kansa yake ba."

"Na sani, Mama."

"To, je ka sayi littafi. Abin da ka sa a na'ura ka sa a takarda, ka kai ɗaya gidan Fasto. Keziya ta ce za ta nuna maka yadda ake kwafewa. Kuma in akwatin nan ya sāke tambayarka abu, ka tsaya ka ji."

Da aka yi addu'a mutane suka watse, ta durƙusa a gaban simintin, ta buɗe hannuwanta, ta ɗora ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, gwargwadon abin da aka ba ni.

Mai tsaron makabartar, ni ne da kai. Kowannenmu an danƙa masa wani abu da ba nasa ba, yara, ko sirrin aboki, ko zuciyar wani. Kuma kowannenmu yana da ranar Talatarsa, ranar da ya juya fuska wajen taga hannunsa ya yi ɓarna. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ubangiji ya san da ƙasa aka yi mu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Ran Talata da safe ba abin da ya ɓata tukuna. Sittin da ukun duk suna nan kwance, suna jiran a kira wadda ta iya. Abin da ya ɓata, tsakanin Talata da Juma'a ya ɓata, sa'ad da mutumin yake ta aiki, yana gumi, yana ce wa kansa gyara yake yi. Haka zunubi yake. Ka yi wa matarka laifi, maimakon ka ce na yi, sai ka kawo wani labari ka ɗora a kai. Gobe labarin ya nemi wani labarin. Kowane ɗaya da ka ɗora yana zaune ne a kan wani abu mai rai. In ka yi ɓarna, ɗauke hannunka. Kada ka ƙara ko harafi ɗaya. Je ka faɗa wa Ubangiji, ka kuma faɗa wa wanda ka yi wa, tun kokon bai huce ba.

Muryar Baba Zakka kuma kun san ta. Ba muryar mugu ba ce, muryar mai ƙaunarka ce wanda ya gaji. Takan ce, wa zai sani, wa aka cuta. Ku lura, da mutumin ya bi ta, da ba wanda ya kama shi har abada. Da dai uwa ɗaya ta ƙare kwanakinta tana kiran ɗanta a kan kabarin Damaris, iyayen Damaris kuma su zo su tarar an rufe 'yarsu da sunan wani.

Kada kuma wani ya ce, tun da an yafe masa ai shi ke nan. An yafe masa, gaskiya ne, amma lambar ba ta dawo ba. Akwai abin da tuba ba ta mayarwa a wannan duniya. Shi ya sa ake gaggawa.

Saura baƙon tasha. Na daɗe ina tunaninsa. Ba shi da suna, ba shi da mai zuwa, bai roƙi kowa kome ba. Abin da ya same shi kawai, an kwantar da shi kusa da ɗa, sai abin da aka tanada domin ɗan ya rufe shi, aka kuma rubuta shi ɗan'uwa. To, mu ne wannan. Ba mu kawo yashi ba, ba mu kawo siminti ba. Kusa da Ɗan Allah aka same mu, alherin da yake nasa ya bi ta kanmu.

Na ƙarshe domin waɗanda suka binne wani ne, na san kuna nan da yawa. Akwai safiyar da za ka tashi ka ga duniya ta haɗe baki da baki. Kasuwa tana ci, ana ɗaurin aure, an ba wani kujerarsa a ƙungiyar mawaƙa, kamar ba a taɓa yin mutumin ba. Har kai kanka wata rana za ka nemi muryarsa a cikin kanka ka rasa, ka ji tsoro. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban kuma san cikin na'ura ba sai abin da aka gaya mini. Amma na gaskata wannan: allon kawai aka cire. An ɗauke shi daga idonmu, ba a share shi ba. Wurin Ubangiji kuwa ba ƙarancin wuri, balle ya binne wani a kan wani. Bai taɓa amsa tambaya fuskarsa na kallon taga ba.

Yayana da ya rasu ya sha damina ɗaya, saura ɗaya mu zuba siminti. Layinsa da lambarsa na rubuta su a wuri uku. Amma ko gara ta ci ukun, ko ni ma an kwantar da ni ba wanda ya rage da zai ƙirga daga farin dutse, akwai wanda zai tsaya a bakin layin ran tashin matattu, ba takarda a hannunsa, ya kira kowa da sunansa, har da na tasha.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.